Saniyar da Nafi'u Ya Ƙi Mayarwa

Ni na goyi Nafi'u, saboda haka kada wani ya zo yana faɗa mini halinsa. Ƙanena ne, shekara tara tsakaninmu. Tun yana ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, a nan Dakoro shiru-shiru ne, ka zage shi ya tsaya yana kallonka, kai ne za ka gaji. Ya yi karatu a Maradi, ya dawo ya samu aiki a wani ƙaramin banki kusa da kasuwa. Shi ne mai hawa moto yana zaga ƙauyuka, yana duba dosiye, wato takardun manoma da makiyaya masu neman rance. Shekara goma sha ɗaya, ko ƙwan zabo bai taɓa karɓa a hannun kowa ba.

Sai dai akwai saniya.

Marigayi Baba yana da amini bafillace a Bader Goula, sunansa Sa'adu, mu Kawu muke ce masa. Ranar sunan ɗan farin Nafi'u, Kawu ya koro karsana ja ya ɗaure a ƙofar gida, ya ce habbanaye ce. Al'adarsu ke nan: ka riƙe saniya har ta haihu sau uku, maruƙan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Wanda ya mayar kafin lokaci, ya tsinke zumunci ke nan a gaban jama'a.

Bara ƙungiyar makiyayan Bader Goula ta nemi rancen sayen dusa, Kawu yana cikinsu, dosiyen kuma ya biyo ta hannun Nafi'u. Kuskurensa, ba zan ɓoye ba, bai faɗa wa shef ɗinsu, shugaban reshen bankin, maganar saniyar ba. Shi ko kusa bai ɗauka abin faɗi ba ne. Wani ɗan baƙin ciki ya rubuta wa manyan bankin a Yamai cewa an ba Nafi'u saniya ya sa hannu.

Shef ya kira shi biro, wato ofishinsa, ya ce, "Malam Nafi'u, ka mayar da ita satin nan, ni zan san yadda zan rufe maganar."

Nafi'u ya ce, "Ranka ya daɗe, sau biyu ta haihu, na ukun yana ciki. Ku dai ba ni zama in yi bayani."

Ba su ba shi ba. Takarda ta zo daga Yamai, layi biyar, an sallame shi. Babu wanda ya tambaye shi yaushe saniyar ta shigo gidansa, ko wane ne Sa'adu a wurinmu.

Wallahi har ni na tasa shi gaba. Na ce, "Kai wane irin taurin kai ne? Saniya ta fi abincin ƴaƴanka?" Ya ce, "Yaya, in na mayar da ita yanzu, na wulaƙanta Kawu, kuma na amsa cewa cin hanci ce." Na koma ɗaki na yi kukana.

Rashin aikin bai ci shi kamar maganar gari ba. A kasuwar dabbobi ana ce masa "mai saniya". Ya rame, ya daina zama a fadar abokansa. Wata huɗu yana jeka-ka-dawo Maradi, wurin ansifektan ma'aikata, abu ɗaya yake nema: a saurare shi.

Ranar zaman, Kawu ya zo da sandarsa, tsohon da bai taɓa shiga biro ba. Da ansifekta ya ce, "Malam Nafi'u, faɗa mana yadda aka yi," sai ƙanen nan nawa ya zayyana labarin saniyar tun daga ranar suna. Aka ce ya yi kuskuren rashin sanarwa, amma sallama ba tare da jin ta bakinsa ba ta saɓa ƙa'ida, kuma babu alamar cin hanci. An biya shi haƙƙinsa. Aikin dai bai dawo ba. Yanzu dusa da gishirin dabbobi yake sayarwa a bakin tasha.

Da aka yaye maraƙi na uku, Nafi'u ya kwance saniyar da hantsi, ranar kasuwa. Akwai hanya ta bayan gari, bai bi ta ba. Ya ja ta ta tsakiyar jama'a, ni ina biye da shi, har ƙofar bankin. Shef yana tsaye a waje. Nafi'u ya tsaya ya gaishe shi da ladabi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta zan mayar. Yau ne lokacinta ya yi."