Ambulan ɗin da ya raba ni da Salifu

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka binne Mushe Salifu, kamar yadda muke kiran malamin boko, a Tama, kuma ya tafi yana ganin ni na kai ƙararsa.

Benci ɗaya muka zauna tun ajin farko na lakwal. Da muka zama malamai, aka tura shi Tama, ni Urno, zumuncinmu ya koma takarda. A shekarar da gero ya ƙi, lokacin mulkin soja, ya rubuto mini cewa hatsin taimako yana tashi daga Bouza amma ba ya isa bakin ɗalibansa. Takardar ta iso mini a liƙe tsaf, cikin ambulan ɗin da hukuma ke raba wa malamai kyauta. A lokacin kirki muka ɗauki kyautar.

Bayan sati biyu kumandan da ke mulkin yankin ya kira shi, ya karanta masa maganarsa da ka, har da waƙafi. Aka karɓe masa alli, aka raba shi da aiki. Da na je gaishe shi, ya tambaye ni ko takardar ta zo a buɗe. Na ce a liƙe ta zo.

"To, Mamman," ya ce, "mu biyu ɗai munka gane ta, ni kau ban kai kaina ba."

Daga ranar ko sallamata bai sake amsawa ba.

Sai bayan rasuwarsa wani tsohon ma'aikacin ofishin kumandan ya ba ni labari a kasuwar Madawa, yana dariya kamar mai tuna wasan ƙuruciya. Da gangan aka zaɓi ƙaron ambulan ɗin nan, in ji shi. Tururin butar shayi yake buɗe shi, yawu ya mayar, ba alama. Ya ce har yabon rubutun Salifu suke yi. Na tashi na bar masa shayinsa.

Yanzu jikokina suna gaya mini saƙon salula a kulle yake da lissafin da ba mai warwarewa. Rediyo kuma ta ce wasu manyan gwamnatoci sun sa hannu wajen tsara irin wannan lissafi, suka bar wa kansu ƙofa. An dai daina wahalar dafa shayi. Da Salifu na nan, zai tambayi wa ya raba ambulan ɗin, kuma me ya sa kyauta.

Abin da ya rage mini nasa takardar ce. Gaskiya ya rubuta, da hannu mai kyau. Bara na lashi bakin ambulan ɗin don in gwada, ya kama ram, kamar ba a taɓa buɗe shi ba.