Dawar Yarana a Bayan Jakin Wakili

Har yau in na ga jaki ɗauke da damin dawa sai raina ya ɓaci. Abin ya faru tun Turawa na nan, lokacin da ake ta ɗokin noman auduga a Daudawa, amma zuciyata ba ta huce ba.

Mijina ya sake ni da yara uku, ya ce cinsu ba ruwansa. Ubana ya rasu, ba ni da wa, ni kuwa ko sunan alƙali tsoro yake ba ni. Sai aka haɗa ni da wani tsoho mai zama a ƙofar kotu. Sana'arsa ke nan, ya tsaya wa mutum wakili a biya shi ladan baki. Bakin kuwa akwai shi. Ya yi magana, alƙali ya yanke hukunci: uban yara zai riƙa auno mana dawa duk wata, kuma shi zai biya wakilina dami goma, tunda shi ya jawo shari'ar.

Ko ƙwaya bai aiko ba. Na yi ta sintiri a ƙafa, goye da ƙaramar, ina kai kuka kotu. Kullum amsa ɗaya: "Yi haƙuri, ɗiyata, za a aika mashi." Haƙuri ake dafa wa yaro? Muka koma cin tafasa da rama, sai ɗan abin da na samu a kaɗi.

Ranar da wakili ya gaji da jiran nasa, shi bai yi sintiri ba. Duƙawa kawai ya yi gaban alƙali ya ce, "Allah shi gafarta Malam, mutumen nan ya raina kotu." Kafin la'asar ɗan doka ya taso ƙeyar uban yarana, aka kulle shi, aka ce ba ya fita sai ya biya. Ashe kotun tana da haƙora! Yunwar 'ya'yana ce dai ba ta isa a kira ta raini ba.

Wallahi da farko har guɗa na yi, na ce Allah ya ƙara. Ban san kaina na yi wa ba. Damina ta yi nisa, hatsi ya ja baya a ko'ina. 'Yan'uwansa suka buɗe rumbunsa tilo, wanda daga cikinsa aka ce a ciyar da yaran, suka kwashe ɗan abin da ya rage suka fanshe shi. Da na koma kotu sai aka ce mini, "To baiwar Allah, mi za a ƙwata wurin wanda ba shi da komi? Sai kaka."

Ta ƙofar gidanmu jakunan wakili suka bi da dawar. Ya ɗaga mini hannu, ko kunya babu, har da cewa, "Kin ga aiki ko?" Babbar 'yata ta ɗauki ƙwarya ta bi bayansu tana tsintar zangarniyar da ke faɗowa. Abin da ta tsinto shi ne duk ciyarwar da shari'a ta taɓa ba mu, kuma ko kunu bai ishe su ba.