Yatsan Yaya daga Makka

Kwantena biyu na tayoyin mota, da sefa miliyan tara da na riga na bayar kafin alƙalami. Idan cikon kuɗin bai isa ga mai kaya a ranar Juma'a ba, zai sayar wa wani, miliyan taran kuma ta tafi.

Shagonmu na unguwar Zongo a Kwatano ni da yayata muka gina shi, tun muna tallan tsofaffin tayoyi a bakin tasha. Da banki ya sa mana asusu a waya, ita ta ce a ɗaure shi: ƙaramin kuɗi kowa ya tura, babba sai mu biyu mun amince, kowa da lambar sirrinsa da yatsansa. A shekarar nan ta tafi aikin hajji. Kafin ta tashi na nemi ta bar mini lambarta. Ta ce ko mijinta bai san ta ba, balle autan Inna.

Ranar Alhamis na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa banki. Manajan ya san ni, ya san gidanmu, har shayi ya sa aka kawo mini. Amma ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce shi ma ba shi da ikon buɗe asusun, yatsan Hajiya na'urar take jira. A kasuwarmu dattijo ɗaya ya tsaya maka, an gama. Ban taɓa ganin ƙofar da sanayya ba ta buɗewa ba sai ranar.

Na yi ta kiran Yaya, waya a kashe. Sai Juma'a da hantsi ta ɗauka, hayaniyar mahajjata cike da kunnena. Ta tambayi nawa ne, wa za a ba, ta sa na karanta mata lambar asusun mai kayan sau biyu.

“Auta, ka tabbata ba wani ne ya kira ka da muryar mutumin ba?”

Na ce na tabbata.

“To, bismillah.”

Ina tsaye a ƙofar shago, mai koko tana wanke kwanukanta a gefena, wayata ta yi ƙara: an biya. Mace ta ɗora yatsa a kan gilashi a Makka, kuɗi ya tashi daga Kwatano ya sauka a wata ƙasa kafin in mayar da numfashi. Na zauna a kan taya na daɗe ina kallon babban yatsana.

Jinkirin ya ci mini sefa dubu ɗari huɗu na ajiyar kaya a tashar jirgin ruwa. Miliyan tara ta tsira, tayoyin kuma sun ƙare kafin Yaya ta sauka.