Wanda Ya Shafa Wa Jirgin Babana Ja

Ni dai mutum ne mai fara abu da zumuɗi ya ƙarasa da uzuri. Matata tana da kusurwa guda a ɗakin ajiya da take kira maƙabartar niyyoyina. Can ne ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa da na sayo ya so ya ƙare, ba don Mai Fenti ba. Shi ya sa yau da ya ajiye buroshi saboda rawar hannu, na ce sai na jinjina masa a gaban jama'a.

Kowa a layinmu ya san safiyarsa. Zai buɗe shago, ya wanke buroshi da kananzir, ya goge a tsumman da shi kansa ya zama zane. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta jera masa gwangwanaye a kan benci, ta koma gida. Daga nan sai allon shago, ƙofar gida, lambar mota. Tela maƙwabcinsa ya ce ya taɓa ganinsa ya goge allo guda ɗungurungum saboda harafi ɗaya ya karkace, alhali mai allon ma bai iya karatu ba.

Babana direban jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Da mahaifiyarmu ta rasu, sai ya rufe bakinsa. Ba ciwo ba, likita ya duba. Ka gaishe shi ya ɗaga hannu, a kawo abinci ya ture. Muna kallo yana zubewa a kujera, kuma tsoronmu ɗaya ne: kada ya bi ta ba tare da ya sake ce mana uffan ba.

Sai dabara ta zo mini. Na sayo kan jirgi na roba, tsawon tafin hannu biyu, fari fat ba fenti, in mayar da shi irin wanda Baba ya tuƙa. Na gwada da kaina. Matata ta duba ta ce, "Wannan jirgi ne ko kifi ya ruɓe?" Na kwashe shi sai shagon Mai Fenti. Ranar shi kaɗai na tarar, Inna ta tafi wajen 'yarsu da ta haihu.

"Kore ne, Baba Mai Fenti, da ratsin rawaya a ciki. Haka na san shi tun ina yaro."

"An gama, ɗana."

Ya kawo shi gida da kansa, a naɗe cikin jarida. Ya buɗe a gaban Baba. Ja wur! Na buɗe baki zan yi magana, sai na ji wata murya da na kusa mantawa.

"Wane mara aikin yi ne ya shafa wa jirgina ja? Motar kashe gobara na tuƙa?"

Cokali ya faɗi daga hannun matata. Mai Fenti kuwa ya dubi jirgin, ya dubi Baba. Sannan ya ja kujera ya zauna.

"To, Direba, ai sai ka faɗa mini yadda yake. Ni ban taɓa tuƙa ko amalanke ba."

Tun daga ranar yake zuwa da yamma, da ƙananan buroshinsa a aljihu. Kore ya dawo, amma Baba ya ce ya cika sheƙi, jirgin aiki ba amarya ba ne. Mai Fenti ya kankare bakin fensir ya shafa a saman bututun hayaƙi. Ya sa tsatsa a matattakala da tsinken ashana. Ya ɗumama ƙusa ya lotsa gefen hagu, inda Baba ya ce wani bijimi ya taɓa gwada ƙarfinsa. Lambar gaba kuwa ya rubuta ta ya goge har na daina lissafi.

"Kai, wannan bakwai ce ko sandar makiyayi?"

"Idonka ne ya tsufa, Direba."

"Idona? Ina hango fitila tun kana rarrafe!"

Mai faɗa yana buƙatar ƙarfi, sai Baba ya koma cin abinci. Wata rana ya sa aka lanƙwasa 'yar waya aka manna a cikin ɗakin direba. Ya ce nan yake rataye butar shayin da mahaifiyarmu take cika masa. Ranar ya yi ta ba mu labarinta har shayin gabansa ya huce. Mai Fenti bai ɗago kai ba, yana ta shafa wurin da ya riga ya bushe.

Kai ne, Baba Mai Fenti, ka sha zagin da bai kamace ka ba, ka dawo washegari neman ƙari. Kai ne ka ja aikin yini guda ya zama na watanni, don tsoho ya samu abokin faɗa. Mai buroshi da haƙuri, mun gode. Allah Ya saka maka, Ya sanyaya wannan hannu. Ku kuma masu tsofaffi a gida, kada ku tsaya ga kai musu abinci. Ku ja kujera, ku ba su abin da za su gyara muku.

Na daɗe ina ba mutane labarin hikimar jan fentin nan, yadda ya yi kuskure da gangan don ya tono muryar Baba. Jiya na maimaita shi a gaban Inna. Ta saurare ni har na gama, sannan ta gyara mayafi.

"Wace hikima, ɗan nan? Tun da na aure shi ba ya rarrabe ja da kore. Ni nake jera masa gwangwanaye."