Garayar da Ta Sha Man Shanu

Tun kafin mata su fara daka shi ya riga ya tashi. In ya dawo daga masallaci sai ya jiƙa fata a kasko, ya zauna bakin ƙofa yana murza tsirkiya a kan cinya, jakinsa na gefe yana cin harawa. Ranar Alhamis ya tafi gindin tsamiyar nan ta bayan 'yan fura a kasuwar Maigatari, ya shimfiɗa buzunsa. Sauran ranaku kuwa ya bi kasuwanni, yau Gumel, gobe Gagarawa. Duk mai tsohuwar garaya ko molo da yake so ya sayar, da duk mai son saye, wurinsa suke zuwa ya gaya musu abin da ta kai. Baba Mai Tsirkiya ke nan. Da wannan laƙabi zan riƙa kiransa, sunansa na yanka kuwa ku dakata, akwai dalili.

Ni Rahamatu ce, 'yar Malam Ya'u. Karatuna bai yi nisa ba, a bayan zauren babana na tsinci rubutun, in kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri. Na saci tawada na rubuta wannan ne don a karanta a zaure, a kuma karanta wa mata a cikin gida, don wallahi in ban faɗa ba cikina zai fashe. An yi baƙo a gidan nan! Namiji! Na san bai kamata in ce komai ba, na fari ne, ko kallonsa ba na yi in da mutane. To ban ce nawa ba ne, na ce an yi baƙo. Amma ku ga gashin kansa.

Yadda Baba Mai Tsirkiya yake aikinsa, kowa ya sani. Ba ya yanke daraja a ɓoye, ba ya raɗa a kunne kamar wasu dillalai. Sai mai kaya da mai saye sun tsaya gabansa. Ya karɓi garayar ya jujjuya ta, ya sunsuna, ya bi fatar da babban yatsa, ya kaɗa ta a rana, ya koma inuwa ya sake kaɗawa. Sannan ya fara da aibi. Sai ya gama lissafa aibinta kakaf yake faɗin alherinta, ya yanke magana sau ɗaya. In ka ce albarka, ya ce Allah ya ba da kasuwa, ya miƙa maka kayanka. Tun ana ciniki da kuɗin wuri yake haka, har aka kawo sule da anini bai sake ba.

Gwaggona Talatu, wadda take sayar da fura kusa da tsamiyar, ta ce a shekarar yunwa wata Bafillatana, Adda A'i, ta kawo molon mijinta da ya rasu. Wani ɗan Damagaram ya taya tiyar gero, ita kuwa har ta miƙa hannu, 'ya'ya na kuka a gida. Baba ya kaɗa molon ya ce, "Yunwa ta rage wa Adda ƙarfi, ba ta rage wa molo murya ba. Wannan awaki biyu ne." Mutumin ya yi ta faɗa, ya tafi, la'asar ya dawo da awaki biyu. Haka kuma wani mai hali ya taɓa kawo garaya duk an yi mata ado da jan ƙarfe, yana hura hanci. Baba ya ce masa ya kai ta wurin maƙera su auna ƙarfen, don shi bai ji murya a ciki ba.

Duk mun san wannan. Muna jin daɗin labarin in a kan wani ya faɗa. To sai ya faɗo a kanmu.

Ranar Talata aka sauka, ina gidanmu wajen goyon ciki. Maigidana kuwa bana gonarsa ba ta yi ba, fara ta cinye geron tun yana ɗanye. Ga suna ya taho, ba rago. Abin da ya rage masa mai daraja a duniya shi ne garayar babansa, wanda a da yake yi wa maharba kiɗa. Tun da tsohon ya rasu take rataye a ɗaki, shi maigidan bai gaji kiɗan ba. Iya, uwarsa, ta sauko da ita ta ga ta yi baƙi da hayaƙi, ga 'yar yaga a gefen fata inda ɓera ya taɓa. Ta ce wa zai sayi wannan abu haka? Ta liƙe yagar da ƙaro da toka, ta zo nan ta ɗebi man shanun da aka kawo mini na jego, ta shafe fatar tas har tana sheƙi kamar goshin amarya. A gaban ɗanta ta yi, bai hana ba. Ni ma na ga an ɗebi man, na san inda za shi.

Ranar Alhamis maigidan ya kai garayar kasuwa. Allah ya kawo wani maharbi daga Sule Tankarkar, Ubale, ya zo da rago fari mai ƙaho, yana neman garaya. Ya ga sheƙi ya ruɗe. Suka daidaita, garaya da rago, hannu da hannu. Har maigidan ya kama igiya sai Ubale ya ce, "Bari dai Mai Tsirkiya ya gani, don zuciya ta kwanta."

Gwaggo Talatu tana nan, komai a kunnenta. Ta ce Baba ya karɓa ya kai hanci, ya ɗago kai.

"Garaya aka kawo mini ko tuwo? Na ji man shanu."

Mutane suka kwashe da dariya. Ya kaɗa, ta ce tuf, tuf, kamar ana dukan jiƙaƙƙen zane. Ya bi gefen da yatsa, ƙaron ya ɓamɓare, yaga ta buɗe baki.

Ya ce, "Fata ta mutu. Ta sha mai ta saki, ga yaga an ɓoye. Itacen kuwa na gari ne, a gabana babanka ya sassaƙe shi. Yadda take yanzu, 'yar akuya, ita ma ƙarama."

Maigidan ya matso ya rage murya. "Baba, suna gare ni ranar Talata."

"Na ji, barka. Allah ya raya. Amma suna ba ya ɗinke fata."

"Kai abokin babana ne. Ka rufa mini asiri."

"In na rufa naka, na wannan bawan Allah fa? Shi ma ragonsa ke nan guda."

Ubale ya zare igiyarsa a hankali ya ja ragonsa. Maigidan ya tsaya kasuwa duk tana kallonsa. Ya ajiye garayar a kan buzu ya ce, "Riƙe ta, ka yi abin da ka ga dama da ita, ko wuta ka hura." Ya bi ta bayan rumfuna ya tafi gida.

Kai, abin da aka yi a gidan nan! Iya ta zo tana tafa hannu tun daga ƙofa. Wai tsohon banza, ɗan roƙo, mai cin la'ada, ya ci gishirin mijinta ya tozarta ɗansa. Matan barka suka kama mata. Wata ta ce ai dama mai kiɗa ba shi da kunya. Wata ta ce hassada ce, shi da bai haifu ba. Iya ta ce, "Duk wanda ya kai masa goron suna ban yafe ba." Aka raba goro unguwa-unguwa, har makafi sun samu, aka tsallake ƙofarsa. Babana ya ce to a yanka akuyarsa, ta halatta. Ta halatta kam. Amma suruki ya yanka wa ɗan fari akuya, uban yaro yana tsaye hannu rabbana? Har yaron ya yi gemu ana faɗa.

Ni ina kwance bayan labule ina shan kunun kanwa, ina ji. Zan iya fakewa da cewa kunyar ɗan fari ce ta rufe mini baki. To amma da aka ce Allah ya isa, ni ma a zuci na ce amin. Hawayena kuwa sai wajen wankan jego nake yi, inda tururi yake rufe fuska.

Kai ne muke zagi, Baba, ashe kana can kana ɗaye matacciyar fata. Kai ne aka hana goro, ashe ka ɗaura wa jaki akumari ka kama hanyar Sule Tankarkar da wannan ƙafa taka mai ciwo. Ba ka aiko ka ce ga abin da kake yi ba. Ka bar mu muka zage ka har muka ƙoshi.

Safiyar suna maza sun taru a ƙofar gida, an ɗaure akuya, maigidan ya sunkuyar da kai a can ƙarshen tabarma. Ni ina leƙe ta ramin zana, wai ba ruwana. Sai ga jaki. Sai ga Baba a kai, ya gaji har yana rangaji. Bayansa ga Ubale, garaya a kafaɗa, yana jan farin ragon nan.

Babana ya ce, "Bisimilla, ga tabarma."

Baba ya ce, "A'a Malam, ba a ba ni goro ba, ba zan zauna ba. Saƙo na kawo. Ɗan abokina, ka ce in yi abin da na ga dama da ita. Na yi. Ga ragonka."

Ubale ne ya ba da sauran labarin. Ya ce tsohon ya same shi a gida, ya tara maƙwabta shaida, ya sake farawa da aibi kamar kullum: wuyanta ya ɗan karkace, tsirkiya sabuwa ce sai ta zauna. Sannan ya ce fata ta gada ce, tsohuwa, ta san hannu. Ya miƙa masa ya ce ya kaɗa da kansa, a rana da inuwa. Ya ce, "Yanzu ta kai rago, ba ƙari ba ragi." Ubale ya ce shi da ya ji muryarta, ya ji tsoron kada tsohon ya sake magana, ya ruga ya kwance ragon.

Ubale ya sauko da garayar nan a ƙofar gida ya taɓa tsirkiya. Wayyo! Tun daga cikin ɗaki Iya ta saki ludayi ta ce, "Muryar garayar marigayi ce."

Gwaggo Talatu ta leƙa ta ce, "Mai Tsirkiya, ina ka sami fatar gada? Ni dai shekaranjiya na wuce ƙofarka na ga taka garayar a rataye tsirara."

Garayar da yake kaɗawa tun kafin zuwan Nasara, wadda ya ƙi sayar wa kowa, ita ya ɗaye.

Ya ce, "Ke Talatu, idonki ya fi furarki kaifi. Yatsuna sun ƙi, ido ya fara hazo. Fata mai kyau a kan garayar da ba a kaɗawa zalunci ne. Wannan shi ne cinikina na ƙarshe, na naɗe buzu."

Maigidan ya rarrafa ya durƙusa gabansa. Da ƙyar ya ce la'ada fa? Baba ya ce, "Goro ɗaya. Wanda aka hana ni."

Iya ce ta fito da shi da kanta, ta ja zane ta rufe fuska, ta durƙusa ta miƙa. Ya karɓa ya ɓare ya ce, "Uwar gida, man shanun ya ƙare ne, ko da saura a zuba mini a tuwo?" Maza suka yi dariya, ita kuwa ta fashe da kuka. Mu da ke bayan zana kowa ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Tun ina da ciki an gama magana, in namiji ne sunan baban maigida za a sa masa. Iya ta fi kowa ɗokin wannan. Amma da liman ya matso a raɗa masa suna, sai ta kira ɗanta gefe ta ce, "Babanka ya sami muryarsa yau, ya ishe shi. A ba yaro sunan wancan tsohon."

Aka yanka rago, aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan duk unguwa ta ji. Baba ya zauna a kan tabarma, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Kai ne ma'aunin da ba ya karkata, Baba. Ka kunyata mu a kasuwa da gaskiya, ka zo ka rufa mana asiri da fatar garayarka. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar ƙafa, ya haskaka idonka, ya sa ka ga takwaranka yana gudu. Ka yafe mana bakinmu, ni ma har da amin ɗina.

Ku kuma dillalan Maigatari da Gumel, na shanu da na tufafi da na komai, gindin tsamiya ya zama wayam. Tsohon yana nan da ransa a ƙofar gidansa. Wani ya je ya zauna kusa da shi ya koyi fara magana da aibi. Mata, in ana rabon goro kada a sake tsallake ƙofar nan. Wanda ya harbi gada, ya san inda zai kai fatar, akwai garaya tsirara tana jira.

Yanzu kun ji dalilin da ya sa tun farko ban rubuta sunansa ba. Sunan ɗan fari ba ya fita bakin uwa, nasa ya shiga cikin waɗanda ba zan ƙara faɗa ba har in mutu. Ni da na so in yi shelarsa kasuwa-kasuwa, ga shi an ɗaure mini baki da shi. To kai mai karanta wa jama'a wannan, tsaya nan. Ɗaga murya ka faɗi sunan, su amsa da amin. Ni ina bayan zana, na rufe fuska, amma ina ji.