Zoɓon da Ya Kwana Biyu

Har in tsufa ba zan manta da Lahadin farko ta Afrilun bara ba, ranar da na kusa mai da majami'armu gidan giya. Ku sababbi a wannan aiki, ku matso ku ji daga bakin mai laifin.

A ikilisiyarmu ta nan Garwa, sau ɗaya a wata ake jibin Ubangiji. Ba ma amfani da ruwan inabi, zoɓo muke dafawa. Mama Rifkatu, shugabar zumuntar mata, ita ke da alhakin tebur. Ni ke dafawa, in tace, in zuba a ƙananan kofuna, a rufe da farin ƙyalle. Da zarar an rufe, ba mai taɓawa sai Fasto da dattawa. Kuma doka ce, da asubahin Lahadi ake dafa shi.

Ni kuwa, Saratu sarkin wayo, na ce me zai raba ni da barcin asuba? Na dafa tun Juma'a, na zabga sukari, na ɗura a jarka na sa a firijo. Ranar Asabar wuta ta ɗauke. Kun san Afrilun Garwa, zafin da kaza ke saka ƙwai dafaffe. Ko a jikina.

Ran Lahadi da na buɗe jarkar ta yi tsaki, na ce ke kika sani. Na cika kofuna a gurguje, aka rufe, aka fara sujada. Sai ƙishi ya kama ni, na zagaya baya na kurɓi ragowar. Jama'a! Abin ya tashi. Sai da kunnuwana suka yi motsi.

Ina dawowa na ji Fasto yana cewa, "Yau muna murna. Ɗan'uwanmu Baba Iliya ya cika shekara bai kai bilbil bakinsa ba. An ɗauke masa horo, yau zai zauna tare da mu a tebur."

Bilbil ita ce giyar dawa da ta cinye masa babur, ta kusa cinye masa aure. Shekara guda yana zama a bencin baya, ana wuce shi da kofi. Ga shi yau cikin sabuwar riga, matarsa na share hawaye, ni kuma na shirya masa abin da ya gudo ya bari.

Na ce a raina, yi shiru, ɗan kofin nan ko kyanwa ba zai bugar ba. Na sake duban Baba Iliya, sai ƙafafuna suka kai ni wurin Mama Rifkatu ba da shawarata ba.

"Mama, zoɓon ya tashi."

"Ya tashi ya je ina?"

"Na Juma'a ne, Mama."

Ta yi mini kallon da ya rage mini tsawo. "Saratu, in na kama ki bayan sujada, uwarki ma ba za ta gane ki ba."

Ta raɗa wa wani dattijo, dattijon ya raɗa wa Fasto. Fasto ko gezau. Ya ce, "Mawaƙa, ku ba mu waƙa, kada ku tsaya sai na ce." Dattawa biyu suka ɗauke tiren a rufe suka fita da shi ta ƙofar baya.

Na kwasa a guje zuwa tsallaken titi, gidan Hajiya mai sayar da zoɓo.

"Hajiya, ki rufa mini asiri! Kina da na yau? Marar citta?"

"Ke 'yar nan, lafiya? Ba kuna cikin ibada ba?"

"Ibadar ce ta tsaya."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta miƙo bokiti ta ce, "Yi maza, kada ki zubar."

Muka wanke kofuna, muka sake cikawa. Mawaƙa suka maimaita baiti ɗaya har mai ganga ya fara hararar Fasto. Da aka miƙa wa Baba Iliya kofi, ya sunsuna, ya daɗe riƙe da shi, sannan ya shanye.

Bayan an tashi ya same ni a bakin famfo ina wanke-wanke.

"'Yata, ke kika dafa na farkon?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Ka yafe mini."

Ya ce, "Tun daga ƙofa na ji ƙanshinsa. Hancin nan ba ya mantuwa. Ina zaune ina lissafi: in na ƙi karɓa, a ce ban tuba ba, in na sha, ban san inda zan kwana yau ba. Ba abin da na iya sai addu'a." Ya dafa kaina. "Allah ya yi miki albarka da kika buɗe baki."

Mama Rifkatu ba ta dake ni ba, ta dai sa ni sharar majami'a wata uku. Da dukan ma ya fi sauƙi.

Don haka ku dafa da asuba, ku ɗanɗana kafin a rufe. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa tun ƙyalle yana kai. Kofunan nan duk iri ɗaya ne a kan tire, amma ba ku san wanda zai ɗauka ba, ba ku san kuma da me ya yi kokawa kafin ya iso teburin ba.