Mai Neman Ƙarfe a Ƙarƙashin Benci

Ina layin gwajin jini da carbina, ga wani mai furfura da farar riga yana rarrafe, mayen ƙarfe a hannunsa.

"Baiwar Allah, ɗaga ƙafa. Kada kowa ya motsa!"

Wai ɗan ƙarfe ne ya suɓuce masa, bai kai gashin ido ba. In mayen ƙarfe ya kusance shi sai ya yi miƙa, da haka yake gano ƙwayar cuta. Ikon Allah. Aikin shekara huɗu ne.

Ina jin ko a gaban surukansa bai taɓa durƙusawa haka ba.

Mai shara ta tsaya a kansa. "Likita, ai na share nan tun ɗazu. Bola tana baya."

Ya miƙe, ya yi bismillah, yana naɗe hannun riga.